Ƙofar da Ban Ce a Ɗinka Ba

A shekarata ta uku ina koyarwa a Wudil aka damƙa mini 'yan sikawut. Ba don na san aikin ba ne. An duba ɗakin malamai ne aka ga kowa yana da inda yake sauri in an tashi, wani gona, wani shago, wani kai cefane gida. Ni kaɗai ne babu mai jirana. Daga ƙasar Zazzau aka turo ni, na kama hayar ɗaki ɗaya kusa da gada, tagarsa tana kallon kogi. In na yi sallar la'asar sai in zauna in yi ta kallon masu yashi suna cika kwalekwale, har rana ta yi ja a kan ruwa. Mutanen garin ba su taɓa yi mini komai ba sai alheri. Gaisuwa kuwa har sai na gaji da amsawa. Amma duk gidan da na je a zaure ake tsayar da ni, kamar yadda ya dace a yi wa baƙo tuzuru, in sha ruwa in yi godiya in koma ɗakina.

Abokan hirata littattafan soyayya ne, irin 'yan siraran nan na kasuwa. Tun ina yaro nake satar karanta na yayata, kuma da su na zo Wudil cike da kwali. Su suka koya mini cewa babu ƙaramin abu a duniya. Kwanon abinci in an aiko, magana ce. Hankici in an yi masa ado, wasiƙa ce. Na girma ina jiran ranar da za a aiko mini da tawa.

A ɗakin ajiyar makaranta, cikin wata tsohuwar akwati mai usur da tutoci, na tsinci wani hoto mai fari da baƙi. Tantuna uku ne na tamfol mai kauri, an kafa su kamar murhu. Kowanne bayansa da gefensa biyu a rufe suke, gabansa kuwa a buɗe yake gaba ɗaya. Samari suna zaune a bakin kowanne, kafaɗa da kafaɗa, duk suna fuskantar wuta a tsakiya. Babu wanda ya ba wani baya. Ban san ko ɗaya daga cikinsu ba, amma na ɗauki hoton na sa a aljihun gaban rigata, ya daɗe a can.

Ba a jima ba shugaban makaranta ya kira ni ofis.

"Malam, ƙungiyar nan taka suna kawai ya rage mata," in ji shi. "Fareti a rana ba shi ne sikawut ba. In ba ka fita da su sansani a hutun tsakiyar zangon nan ba, lokacinsu na ranar Laraba zan mayar da shi darasin lissafi."

Na ce, "Ranka ya daɗe, za mu fita, in Allah ya yarda."

"Da yardar iyaye a rubuce. Kuma ban yarda da yara biyar ko shida ba, sai rabin ƙungiyar ya samu."

Ban gaya masa ba, amma Laraba ce kaɗai ranar da nake komawa gida murya a dashe, ranar da nake kwana ban buɗe kwalin littattafai ba. In aka karɓe ta, sati zai zama mini dogon yini ɗaya mara ƙarshe.

Tsofaffin tantunan na nan a bayan ɗakin ajiya, a nannaɗe. Na ɗaga na farko sai ya zube a hannuna kamar tuwon da bai nuna ba. Gara ta riga ni.

Ranar Asabar na hau mota zuwa Kano. Na zaga inda ake sayar da kayan tafiye-tafiye, ina nuna hoton shago-shago. Duk inda na je abu ɗaya ake ciro mini daga jaka: ɗan tanti na leda, mai kama da kifaffiyar ƙwarya, na mutum ɗaya ko biyu, da zif a baki. Wani matashi ya kalli hoton ya ce, "Yallaɓai, ai wannan tun zamanin su kaka. Yanzu ka shiga ka zuge, ko sauro ba ya ganinka." Wani ya tura ni wajen masu ba da hayar rumfunan biki, su kuma suka tambaye ni ranar ɗaurin auren. A shago na ƙarshe mai kayan ya sha wahala, ya kafa mini ya warware har sau biyu, kunya ta sa na sayi ɗaya.

Da na dawo na kafa shi a tsakiyar ɗakina, na shiga na zuge. Shiru ya rufe ni, hasken ya koma shuɗi. Na ji numfashina yana dawo mini. Na tuna da yarana, 'yan Indabo da Ɗankaza da na cikin gari, kowa a cikin ƙwaryarsa a zuge, na ce ashe ɗakina zan raba musu gunduwa-gunduwa. Na fito na naɗe shi na tura ƙarƙashin gado.

Wani direban babbar mota ne ya ce mini in je kara ranar Juma'a, wato kasuwar shanu, in nemi mai ɗinka wa motoci tamfol. Na same shi a wata rumfa a gefen hanya, dattijo ne mai faɗin kafaɗa, da basilla soke a hularsa, yana taka wani baƙin keken ɗinki mai ƙara kamar injin niƙa. Muna cikin gaisawa ya ɗaga kai.

"Wannan bakin ai na Zage-zagi ne. Bawana, me ya kawo ka gaban iyayen gidanka?"

"Na zo in ga ko Bakano ya iya wani abu ban da ciniki," na ce.

Ya yi dariya har keken ya tsaya. Rabon da wani ya tsokane ni tun ina gida. Na zauna a kan wani nannaɗaɗɗen tamfol, na miƙa masa hoton, na zana masa a bayan takarda: baya, gefe biyu, rufi mai gangara.

"Ina ƙofar?"

"Babu."

"To rumfa kake so."

"Tanti nake so. A ciki za a kwana."

"Kai Bazazzagi! Ko akuya aka ba ta ɗaki ana kara mata ƙyaure. Haka kuke kwana a garinku, kamar tallan kai?"

"Mu ba mu san ƙyaure ba sai da Kanawa suka fara zuwa mana fatauci."

Ya buga cinya, ya ce ya ji. Yana da tsohon tamfol na gaske, na yadi, ba na leda ba, wanda aka cire daga wata mota da ta daina tafiya. Warin shanu da albasa yake yi, amma ya ce in an wanke shi a kogi aka shanya kwana biyu zai saki. Muka yi magana a kan guda uku. Ya ce zai fara da ɗaya in gani.

Ranar Laraba na nuna wa yara hoton, na raba musu takardar neman yardar iyaye. Murna suka yi ta yi, suna rabon wuri tun kafin a ɗinka.

Juma'ar da ta zagayo na koma kara. Ya shimfiɗa tantin a ƙasa, kore shar, ɗinkinsa ninki biyu. Sai na ga a gaba an maƙala wani babban ƙyalle, daga sama har ƙasa, ya rufe bakin ruf.

"Baba, wannan fa?"

"Ƙofa."

"Na ce maka ban so."

"Ni ma na faɗa a gida ba ka so. Ba ni na sa ba, daga cikin gida aka yi. Na kai shi gida in ƙarasa, da safe na tarar da shi haka."

Na durƙusa in nuna masa inda zai farke. A nan na ga ɗinkin. Ba na keke ba ne, na hannu ne, da jan zare, ƙanana-ƙanana a jere kamar an auna da ƙwayar gero. An kalmashe bakin ƙyallen, an yi masa maɗaurai huɗu, kuma a kowane lungu an yi wani ɗan ado mai kama da ganyen zogale, wanda babu abin da yake riƙewa, kyau kawai aka yi shi don shi. A kan tamfol ɗin motar shanu. Na shafa shi da yatsa.

"In farke?" in ji shi, ya zaro reza.

Na ce ya bari tukuna, zan tafi da shi in yi tunani.

Satin nan ban buɗe kwali ba, don ni da kaina na zama littafin. Na shimfiɗa ƙyallen a kan gado, nakan zauna in bi jan zaren da ido. Na ba mai ɗinkin shekaru, na ba ta murya, na ba ta dogayen yatsu masu lalle. Na ce 'yarsa ce, ta ji ana labarin wani malami baƙo da ba shi da kowa, ta tausaya masa, ta rasa yadda za ta yi magana sai da allura. Har amsar da zan ba ta na shirya. Ina sane da cewa ƙofar ta ɓata mini hoton da ke aljihuna, amma na kasa ƙinta.

A makaranta kuwa takardu sun ƙi dawowa. Cikin yara ashirin da huɗu, huɗu ne kawai suka kawo. Sauran in na tambaya sai su sunkuyar da kai. Wani uba ya tare ni a bakin masallaci bayan azahar, ya gaishe ni gaisuwa mai tsawo, sannan ya ce, "Malam, ni ba ni da ta cewa. Uwarsa ce ta ji an ce ɗakin babu ƙofa, kuma a bakin kogi. Ta ce ko hakimi ne ya zo ba za ta ba da ɗanta ba." Sati biyu suka rage hutu. Shugaban makaranta ya wuce ni a baranda, can kuma na ga malamin lissafi yana duba jadawali.

Duk da haka ban haɗa zancen iyayen da jan zaren ba. Ni a wajena ɗaya matsala ce, ɗaya kuma sirri ne.

Na koma wajen dattijon na ce masa sauran biyun a bar su yadda na zana. Ya girgiza kai.

"Wannan ba ni zan kai saƙon ba. Ka zo gida gobe da la'asar ka faɗa da bakinka. An ce ma ana son ganinka."

An ce ana son ganina. Na goge farin yadina, na sa hular da nake ajiye wa Idi, na shafa turare fiye da kima. A zaure na tsaya kamar kullum, na gyara zama a kan tabarma. Sai ya leƙo ya ce, "Taso mana, ciki za ka shiga." Shekara uku a garin, ranar na fara taka tsakar gidan wani. Ga igiyar shanya, ga turmi a kife, ga kaji, ga ƙamshin daddawa daga madafa. Kamar dai gidanmu.

A gindin wata bishiyar lemo wata tsohuwa tana zaune a kan buzu, 'yar ƙarama, ta tsufa tukuf, tamfol na biyu a kan cinyarta, allura da jan zare a hannunta.

"Inna, ga Bazazzagin," in ji shi. Mahaifiyarsa ce.

Na durƙusa na gaishe ta. Ban san irin fuskar da na yi ba. Ta shaƙi iska ta ce, "Wannan turare haka, ɗan nan, zance ka zo? To ka makara da shekara sittin." Ɗanta ya juya baya, kafaɗunsa suna rawa.

Ta nuna mini wuri na zauna. Ta ce, "Kai ne mai son kwantar da 'ya'yan mutane a bakin ruwa baki buɗe?"

Na fara yi mata bayani. Na ciro hoton, na ce so nake su zauna su ga juna, su ga wuta, kada kowa ya shige nasa ramin. Ta karɓa ta kai shi dab da ido, ta daɗe tana kallo.

"Waɗannan ba su da iyaye mata ne?" ta ce. "Ni 'yar masunta ce, a bakin kogin nan aka yanke mini cibi. Ruwa yana da mutanensa, mu ma muna da namu lokacin. In rana ta faɗi ana tara yara, a ja ƙofa, a yi bisimilla. Haka aka koya mana, kuma haka malamai suka ce. Kai malami ne, ba a gaya maka ba? Ko ba wannan, raɓar ƙarshen damina kaɗai ta isa ta kwantar maka da rabinsu."

"Inna, in aka sa ƙofa ai ya zama ɗaki."

"To ɗaki zagi ne?"

Ta nuna ƙofar ɗakinta da haɓa. Asabari ne rataye, irin labulen siraran kara ɗin nan da ake saƙawa, an ɗage shi an tokare da sanda, inuwarsa ta faɗo a kan dokin ƙofa.

"Wancan rufe yake ko buɗe?" Ba ta jira amsa ba. Ta sa ɗanta ya ɗaure tamfol ɗin a jikin igiyar shanya, ta sa ya kawo taɓare biyu, ya ɗaga ƙyallen gaban ya tokare shi da su. Sai ga baki a buɗe gaba ɗaya kamar na hoton, da ƙarin rumfa a gabansa, inda mutum shida za su zauna rana ba ta taɓa su ba.

"Da rana naka ne," ta ce. "In an yi magariba an ci abinci, nawa ne. Ka saki, ka yi bisimilla da bakinka, kowane ɗaki. Ka yi mini alkawari?"

Na duba hoton. Wutar da ke cikinsa ta dare ce, ita ce duk abin da nake nema. Na tuna da takardu huɗu a cikin aljihun tebur, da ranar Laraba. Na ce na yi alkawari. Ta juya ga ɗanta.

"To. Ba shi fura, ya rame. Ba a dafa maka ne?"

"Ni kaɗai nake, Inna."

Ta kalle ni, ta ci gaba da ɗinkinta.

Ban aika wa kowa da sabon bayani ba. Abin da na sani shi ne akwai suna a unguwarsu cikin satin, kuma Inna ta je. Kafin Laraba takardu suka fara dawowa, wasu da sa hannu, wasu da dangwalen yatsa. Goma sha tara suka samu. Shugaban makaranta ya ƙirga su da kansa ya ce, "Allah ya kiyaye hanya."

Mun kafa sansani a wani fili bayan gari, tsakanin gonakin geron da aka girbe da bakin ruwa. Da gora muka tokare ƙofofin. Yini guda tantunan nan uku suna fuskantar juna baki buɗe, yara suna zaune a inuwar jan zare suna koyon ƙulla igiya, suna gardamar wa ya ƙona shinkafa. Na tsaya daga nesa da la'asar, na ciro hoton na ɗaga shi kusa da su. Bambancin kaɗan ne. Raina ya yi fari irin yadda bai yi ba tun zuwana garin.

Muka yi magariba a kan yashi, muka ci abinci a bakin wuta tun da sauran ja a yamma. Yara suka roƙe ni in ƙara musu lokaci. Babu wanda zai sani. Amma na riga na faɗa a gaban tsohuwa. Na bi tantunan ɗaya bayan ɗaya, na zare gora, na saki ƙyalle, na yi bisimilla, na ɗaure maɗauran nan huɗu.

Sai ga ni tsaye ni kaɗai a tsakiya, ni da wutar da na yi ta nema musu. Daga bayan tamfol ina jin su, wani yana ba da tatsuniya ana katse shi, wani tantin yana jefa wa wani baƙar magana ta cikin bango, dariya tana tashi nan ta faɗa can. Ba su rabu ba. Ni ne dai a waje. Kuma sai a lokacin na lura ban lissafa da kaina ba a cikin ukun, don malami ba ya kwana ɗaki ɗaya da ɗalibai. Ɗan shuɗin tantin nan na leda da na jefo cikin kaya don ko-ta-kwana, shi na kafa a gefe. Na shiga na zauna, ƙafafuna a waje. Na daɗe hannuna yana kan zif ɗin. Daga baya na tuna Inna ta ce kowane ɗaki, na janyo ƙafafuna, na yi bisimilla, na zuge.

Ba a karɓe mana Laraba ba. Tantunan suna nan har yau, kuma na sa an yi musu maratayi a sama saboda gara. Ranar Juma'ar da ta biyo bayan sansanin, dattijon ya tsaya a ƙofar ɗakina da kwano ɗaure a ƙyalle a bayan kekensa. Dambu ne da zogale. Ya ce, "In ji budurwarka. Ta ce kada ka aiko da kwanon, ka kawo da ƙafarka."

Na cinye a bakin taga, ina kallon masu yashi. Na wanke kwanon na kife shi a kan kwalin littattafai, kafin la'asar ta gobe.